Ruwan da Ba a Zana Ba: Nazari a kan Zanen Yara da Ɓauna na Li Keran

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san tawada tun kafin ya san biro. Da ita ya yi karatun allo, da ita alƙali ya ajiye hukunci, da ita sarki ya aika wasiƙa, kuma da ita ake yi wa allon sauka zayyana. Sai dai a wurinmu aikin tawada bai cika wuce rubutu da adon rubutu ba. Akwai wata al'umma da ta ɗauki wannan baƙin ruwa ta mai da shi abin zana duwatsu da itatuwa da dabbobi da mutane, ta kuma yi fiye da shekara dubu tana gyara hannunta a kansa. Wannan al'umma ita ce ta ƙasar Sin.

A wannan maƙala na zaɓi wani zane da wani gwanin ƙasar mai suna Li Keran ya yi ta maimaitawa tun daga farkon shekarun 1940 har ƙarshen rayuwarsa, wato zanen yara makiyaya a kan bayan ɓauna suna ƙetare ruwa. Ya zana shi sau da yawa, wani da ɓauna guda, wani da biyu, wani da fiye da haka. An buga su a littattafai, kuma mai intanet zai iya ganinsu da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Abin da zan yi magana a kai shi ne siffar da waɗannan zane-zane suka yi tarayya a kanta. Manufata ita ce in nuna yadda ake tsayawa a kalli zane har a gane abin da mai shi ya yi, in faɗi inda na ga ya burge da inda na ga ya gaza, sannan in fito da abin da malamin makaranta zai amfana da shi.

Na san daga cikin iyayenmu dattawa akwai wanda zai ce, ina ruwanmu da zanen abu mai rai? Wannan magana ce mai tushe, malamai sun daɗe suna tattauna ta, kuma na bar wa masu fagen. Abin da nake roƙo a lura da shi shi ne, darasin da ke cikin wannan aiki ya shafi mai zana kwalekwale ko itace ko soron gida, ya kuma shafi mai koyar da insha'i.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Mai Zanen

An haifi Li Keran a shekarar 1907 a garin Xuzhou da ke lardin Jiangsu, a gidan talakawa waɗanda ba su yi karatu ba. Ya fara koyon zanen gargajiya yana yaro a wurin wani mai zane na garinsu. A 1923 ya shiga makarantar koyon zane a Shanghai, a 1929 kuma ya wuce babbar makarantar zane ta Hangzhou, inda wani Bafaranshe mai suna André Claudot ya koya masa zane irin na Turai, mai kula da haske da inuwa da ƙirar jiki. Wannan ya sa ya tashi da hannu biyu, na gida da na waje.

A 1937 yaƙi ya ɓarke tsakanin Sin da Japan. Li Keran ya bar gida ya shiga aikin zana hotunan zaburar da jama'a, har tafiya ta kai shi Chongqing, birnin da gwamnati ta koma a lokacin yaƙin. Daga 1938 zuwa 1943 jiragen Japan sun yi ta yi wa wannan birni ruwan bama-bamai. Matarsa ta farko ta rasu a 1938 ba ya nan, 'ya'yansa kuma suna can yankin da abokan gaba suka mamaye. A cikin wannan hali ne, a farkon shekarun 1940, ya sauka a gidan wani manomi a wani ƙauye da ake kira Jingangpo a bayan gari, ɗakinsa yana maƙwabtaka da turken ɓauna. Da rana yana ganinta, da dare yana jin numfashinta da tuƙarta. Daga nan ya fara zana ta, bai kuma daina ba. Daga baya ma ya raɗa wa ɗakin aikinsa suna da ke nufin ɗakin da ake ɗaukar darasi daga ɓauna.

Bayan yaƙi ya koma koyarwa a Beijing, inda a 1947 ya durƙusa gaban manyan tsofaffin masu zanen tawada guda biyu, Qi Baishi da Huang Binhong, alhali shi kansa ya kai shekara 40 kuma malami ne. Mafi yawan sunan da ya yi daga baya a zanen duwatsu da koguna ya yi shi. A zamanin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 ya sha wuya, har a 1974 aka sa aikinsa cikin waɗanda aka baje a Beijing don a kushe su da sunan baƙaƙen zane-zane. Ya rasu a Beijing a watan Disamba na 1989.

Kafin in wuce, ya kamata in bayyana cewa ɓaunar da ake magana ba irin tamu ta daji ba ce mai kashe maharbi. Ta Asiya dabbar gida ce, da ita ake huɗar fadamun shinkafa. Jikinta ba ya fitar da gumi sosai, shi ya sa idan rana ta take sai ta nemi ruwa ta shige. A wancan zamani yaran ƙauye ke kiwonta, kuma hawa bayanta cikin tafki abu ne na yau da kullum a kudancin Sin.

3.0 Kayan Aiki

Ba za a gane gwanintar wannan zane ba sai an san da me aka yi shi. Tawadar Sinawa 'yar uwar tamu ce ta allo. Mu mukan niƙa zuge ko mu kankaro baƙin tukunya mu haɗa da ƙaro mu zuba a kurtu. Su kuwa sukan tara baƙin hayaƙin itace ko na mai, su kwaɓa da danƙon da aka dafa daga fatar dabba, su busar da shi ya zama sanda. Idan za a yi aiki sai a ɗiga ruwa a kan wani dutse mai santsi a yi ta goga sandar har tawada ta fito. Yawan ruwan da aka sa shi ke bambanta baƙi ƙirin da toka-toka da wanda da ƙyar ake ganinsa. Da launi guda ke nan ake samun launuka da dama.

Alƙalaminsu na gashi ne, na akuya ko na wasu dabbobi, a ɗaure a bakin gora. Alƙalaminmu na gamba yana da tauri, layinsa kusan kauri ɗaya ne sai inda aka juya bakinsa. Na gashi kuwa idan aka danna ya buɗe, idan aka ɗaga ya tsuke ya koma kamar zare.

Sai takarda, wadda ita ce mai hukunci. Ana kiranta Xuan, ana yin ta a gundumar Jing ta lardin Anhui daga ɓawon wani itace da karan shinkafa, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sa sana'ar yin ta cikin al'adun da duniya ta gada. Irin wadda ba a shafa wa komai ba tana shan tawada nan take kamar yadda rairayi ke shan ruwa. Almajiri idan ya yi kure a allo sai ya wanke ya sake. A wannan takarda babu wanki, babu gogewa, abin da hannu ya ajiye ya zauna ke nan. Saboda haka duk ɗigon da mai karatu ya gani a zanen, sau ɗaya aka yi shi.

4.0 Zanen Kansa

4.1 Ruwan

Abu na farko da mai kallo zai ce shi ne, ga ɓauna cikin ruwa. Amma idan aka ce ya ɗora yatsa a kan ruwan, sai ya tarar babu abin da zai nuna. A mafi kyawun waɗannan zane-zane babu layin igiyar ruwa, babu shuɗi, babu gaɓa. Farar takarda ce kawai, yadda ta fito daga hannun mai yin ta.

To, daga ina ruwan ya fito? Ya fito ne daga inda jikin ɓaunar ya ƙare. Li Keran yakan zana kai da ƙahoni, ya bar ɗan fili, sannan ya zana doron baya kamar tsibiri. Ƙafafu babu, ciki babu, sau da yawa wani sashe na wuya ma babu. Ido ya san dabba ba ta rabuwa biyu, don haka sai hankali ya ce lalle akwai abin da ya rufe sauran, kuma abin da ke rufe jiki a miƙe haka ruwa ne. Gefen tawadar na ƙasa, inda baƙi ya haɗu da fari, shi ne saman ruwan. Idan ɓauna biyu ce, ɗaya a sama ɗaya a ƙasan takarda, sai filin da ke tsakaninsu ya zama faɗin tafki, har mutum ya ji wadda ta fi nisa da wadda ta fi kusa. Har zurfin ruwan ana iya ƙiyastawa daga yawan abin da ya nutse.

Wannan dabara ta barin fari tsohuwa ce a zanen Sinawa, kuma malaminsa Qi Baishi ya yi suna da zana jatan lande ba tare da ya zana ruwan da suke ciki ba. Abin da Li Keran ya ƙara shi ne nauyi. Jatan lande abu ne marar nauyi, ɓauna kuwa ta fi buhun hatsi biyar. Sa farar takarda ta ɗauki wannan nauyi har a yarda yana yawo a kanta, a ganina nan ne gwanintar take.

4.2 Ɓaunar

An yi jikin ɓaunar da tawada mai ruwa-ruwa, da 'yan shafe-shafe masu faɗi waɗanda za a iya ƙirgawa. A irin wannan takarda, idan aka ajiye shafa ɗaya kusa da wata, akan sami wani siririn layi mai haske a inda suka haɗu. Wani zai ɗauke shi aibi. Shi kuwa ya mai da shi naɗin fata da rabuwar tsoka, ya kuma sa jikin ya yi sheƙi kamar abin da ya jiƙe. A nan ne karatun da ya yi wurin Bafaranshe ya yi masa rana, domin ya san inda ƙashin kafaɗa yake da inda ƙugu yake, ko da yake bai zana su ɗaya-ɗaya ba.

A duba kan. Hanci a ɗage yake sama, ƙahoni sun kwanta baya. Duk wanda ya taɓa ganin shanu suna ƙetare gulbi da damina ya san haka dabba take yi don kada ruwa ya shiga hancinta. Wannan ɗaga hanci kaɗai ya isa ya nuna tafiya ake yi, ba kwanciya ba. Mutumin da bai zauna kusa da dabbar ya ƙare mata kallo ba, ba zai san wannan ba.

4.3 Yaran

Yaran kuwa da siririn layi aka yi su, kishiyar yadda aka yi ɓaunar. Kai zagaye, ido ɗigo, 'yar riga ko ɗan wando, wani lokaci da malafa rataye a baya, sai ɗan launi kaɗan a fata. Wani ya kwanta rub da ciki a doron dabbar, wani ya zauna ya waiwaya yana yi wa ɗan'uwansa magana. Ba a cika damuwa da kamannin fuska ba, zaman jiki shi ke ba da labari. Yaron da ke tsoron ruwa yakan ƙanƙame abin da ya hau. Waɗannan kuwa jikinsu a sake yake, igiyar da ta taho daga hancin dabbar ma a sake take. Daga nan mai kallo zai gane cewa yaro da dabba sun saba, kuma wannan ba shi ne ƙetarewarsu ta farko ba.

Layin da aka yi su da shi ya cancanci a tsaya a kansa. Mai gani zai zaci da sauri aka ja shi, alhali Li Keran ya sha faɗin cewa babban abin da ya koya a wurin Qi Baishi shi ne jan alƙalami a hankali. Tsofaffin marubutan Sin suna kwatanta layi mai kyau da sawun da ruwan sama ke bari idan ya tsiyaya a jikin bango, yana tafe yana tsayawa. Mu da muka tashi a gidajen ƙasa mun san wannan sawu. Idan aka matso kusa da zanen za a ga layin hannun yaro ko na igiya yana da irin wannan 'yar gargada, kuma ita ce ta hana shi zama kamar wanda aka ja da rula.

4.4 Rubutu da Hatimi

A gefe guda akan sami rubutu a tsaye da alƙalamin da aka yi zanen, da jan hatimi ɗaya ko biyu. A wasu kuma akan sauko da rassan itace daga sama. Aikin waɗannan shi ne su tokare filin don kada nauyi ya rinjaya gefe ɗaya. Wannan ɗan ja guda a cikin baƙi da fari yana yin abin da jar tawada ke yi a rubutun Alƙur'ani na hannu, wato kaɗan ne amma ido ba ya tsallake shi.

5.0 Inda Za a Iya Sukar Zanen

Yabo kaɗai ba ya zama nazari. Akwai abubuwa uku da nake ganin ya kamata a faɗa.

Na farko, maimaici. Zanen makiyayi da sa tsohon fage ne a Sin. Tun ƙarni na 8 Han Huang ya zana shanunsa biyar, kuma a zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, zanen yaro da ɓauna ya yawaita. Li Keran ya shigo wannan fage da sabon ido, amma da yake ya shafe fiye da shekara 40 yana komawa kansa, idan aka jera da yawa za a ga wasu hannu ne kawai ya yi su, ido bai sake kallo ba. Bugu da ƙari, bayan rasuwarsa aikinsa ya yi tsada ƙwarai, har a 2012 aka sayar da wani zanensa na duwatsu a kan fiye da yuan miliyan 290 a Beijing. Inda kuɗi ya kai haka kuwa jabu ba ya rasa shiga, don haka ba duk abin da aka liƙa wa sunansa ne za a auna shi da shi ba.

Na biyu ya fi nauyi. Ruwan da aka bari fari tas a takarda, a zahiri ba haka yake ba. A shekarun 1950 an ƙiyasta fiye da mutum miliyan 10 a kudancin Sin suna ɗauke da wani nau'in tsargiya mai kama hanji da hanta, mai kumbura ciki, kuma ita kanta ɓaunar tana cikin manyan masu yaɗa cutar a fadamun kogin Yangtze. Yaron da ke bayanta kuma aiki yake yi, mai yiwuwa bai taɓa shiga aji ba. Zanen bai nuna ko ɗaya daga cikin wannan ba. Mu da muka san abin da wankan kududdufi ke jawo wa yaranmu, na fitsarin jini da na nutsewa, bai kamata mu kalli irin wannan hoto mu ce rayuwar ƙauye duk daɗi ce ba.

Na uku, za a iya tambaya, yaya mutum zai zauna a bayan garin da ake yi wa ruwan wuta ya riƙa zana yara suna wasa? A nan ni ina bayansa. Ya riga ya ba yaƙin shekarunsa da alƙalaminsa. Kuma a fahimtata, uban da ya rabu da 'ya'yansa, idan ya zana yaro kwance lafiya a bayan dabba babu abin da ke firgita shi, abin da yaƙin ya ƙwace masa yake zanawa. Wannan fahimta tana rage ƙarfin suka ta biyu, ko da yake ba ta kawar da ita ba. Zanen fata ne da addu'a, kuma a matsayin haka ya kamata a karɓe shi. Wanda ke neman rahoton halin da ƙauye ke ciki sai ya nema a wani wuri.

6.0 Abin da Malami Zai Ɗauka

Adonmu na gargajiya ya fi son cikawa. Zayyanar allo, da zanen fuskar soro, da sassaƙar ƙwarya, duk akan bi fili a cike shi da ƙira, kuma wannan kyau ne mai zaman kansa wanda ba na neman a sauya shi. Amma mu ma mun san amfanin fili, domin mai ɗinkin babbar riga yakan tara aikinsa a wuya da aljihu ya bar sauran yadin ya huta, kuma hutun nan ne ke fito da aikin.

Inda matsala take shi ne aji. Sau da yawa darasin zane yakan ƙare a malami ya zana kofi ko mangwaro a allo, yara su kwafa, wanda ya fi cika takarda da launi ya fi samun maki. Ina ba da shawarar abu uku masu sauƙi, waɗanda ba sa bukatar kuɗi. A fitar da yara su zauna gaban abu na gaske, ko tulu ko itacen tsakar makaranta, su yi minti 10 suna kallo kafin kowa ya taɓa fensir. A ba su tawada da alƙalamin kara lokaci-lokaci, don su saba da layin da ba a gogewa. Sannan a ce su zana kwalekwale a kan ruwa, ko turmi a bayan zana, da sharaɗin kada su zana ruwan, kada kuma su zana abin da ya ɓuya. Malamin Hausa ma zai iya gwada irin wannan a insha'i, ya ce a ba da labarin zafin rana ba tare da an ambaci kalmar zafi ba. Ba a rana ɗaya za a ga sakamako ba, amma yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala na kawo tarihin Li Keran a taƙaice, na bayyana kayan aikinsa, na bi zanensa na yara da ɓauna gaɓa-gaɓa, na kuma nuna inda ya maimaita kansa da abin da ya kau da kai daga gare shi. Hukuncina shi ne, mafi kyawun waɗannan zane-zane sun cancanci sunan da suka yi, saboda mai su ya daɗe yana kallo kafin ya zana, ya kuma amince cewa mai kallo yana da hankalin da zai cike abin da aka bar masa. Ina fata malamanmu za su nemi zanen su nuna wa ɗalibai, su tambaye su ina ruwan yake, su saurari amsar da za su bayar. Ina kuma fata masu bincike za su waiwayi namu aikin tawada, musamman zayyanar allo da adon littattafan hannu, su yi masa irin wannan kallo tun masu yin sa suna raye. Allah Ya sa mu dace.